Wace Taya Ta Dace da Keken Iska na Ƙirar Gida?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a shafin wasiƙu mu yi magana da masu ƙere-ƙere, musamman waɗanda suka ga keken iska a intanet suka ɗaura aniyar haɗa nasu. Ga wanda bai san shi ba, abin hawa ne mai ƙafa uku, ɗaya a gaba biyu a baya, ba inji ba feda. Doguwar sanda ake kafa masa, a ɗaura mata yadi irin na jirgin ruwa, iska ta cika yadin ta tura shi a kan tudu. Abin ya daɗe a duniya. Wajen shekarar 1600 Simon Stevin ya ƙera wa Yarima Maurice irinsa a Holan, aka yi gudu da shi a bakin teku tsakanin Scheveningen da Petten, sannan a 1898 'yan gidan Dumont suka fara haɗa nasu a De Panne ta ƙasar Beljiyam.

Abin da ya sa muka rubuto shi ne, kusan duk mai fara wannan ƙira yakan ƙarar da makonni a kan yadi da sanda, sai aiki ya zo ƙarshe ya ɗauko duk tayar da hannunsa ya kai ya liƙa. A nan kuɗi ke salwanta, a nan kuma ake jin rauni. Yadi mara kyau iyakarsa ya hana ka gudu. Taya mara kyau kuwa tana bari sai ka yi gudun sannan ta ci amanarka.

Kafin a ambaci kowace irin taya, a fara gane wahalar da take sha a wannan keke, domin ba irin wadda ta saba sha a keken hawa ko babur ba ce. Mai keken hawa idan zai sha kwana yakan kwanto tare da kekensa, saboda haka nauyi kullum yana sauka ne a miƙe ta tsakiyar wili zuwa ƙasa. Keken iska ba ya kwantowa. Yawancin tafiyarsa iska daga gefe take bugunsa, kuma babban rabon ƙarfin da yadi ya kama gefe yake tura keken, kaɗan ne ke tura shi gaba. Jirgin ruwa yana da allon da ke nutse a ƙarƙashinsa yana hana shi zamewa. A tudu tayoyi ne ke yin wannan aiki, su kaɗai. Don haka tambayar farko da za ka yi wa kowane wili ita ce: in an tura shi ta gefe daga inda ya taɓa ƙasa, zai jure?

Bari mu sa lissafi. A ce keken ya kai kilo 35, matuƙi kilo 75, jimla 110. A tsaye, tayar gaba tana ɗauke da kamar kilo 20 zuwa 25, na baya kowace kilo 40 da wani abu. Amma da zarar iska ta yi ƙarfi, tayar da ke ɓangaren da iskar ta fito sai ta yi sauƙi, wani lokaci ta ɗaga sama gaba ɗaya, nauyin baya duka ya koma kan 'yar'uwarta, kusan kilo 90. A daidai wannan lokaci ƙasa tana riƙe da gindin tayar ta gefe da ƙarfin da zai iya kai wa kilo 60. In an ci karo da kunya ko dutse a wannan hali, nauyin yakan ninka sau biyu ko uku na ɗan ƙiftawar ido. Wannan taya guda ɗaya, a wannan daƙiƙa, ita ce ma'aunin duk abin da za ka saya.

Sai batun gudu, wanda mutane suka fi rainawa. Keken iska yana iya fin iskar da ke tura shi sauri, domin yayin da yake gudu yana ƙara wa kansa iskar da ke ratsa yadin. A watan Maris na 2009 Richard Jenkins ya yi kilomita 202.9 a awa da kekensa mai suna Greenbird a busasshen tafkin Ivanpah na Amurka, kuma a Disamba 2022 Glenn Ashby ya kai kilomita 222.4 da wani mai suna Horonuku a tafkin Gairdner na Ostireliya. Na gida ba zai je ko kusa ba, amma kilomita 40 zuwa 60 a awa ba abin mamaki ba ne a fili mai tauri. Tayar da tsayinta ya kai santimita 40 tana cin mita 1.26 a kowane juyi. A kilomita 60 a awa, kusan juyi 800 ke nan a minti ɗaya. Tayar baro an yi ta ne don tafiyar ƙafa, wajen juyi 65 a minti. A riƙe wannan bambanci, za mu dawo kansa.

Wilin keken hawa mai inci 26 ko 28 shi ne abin da kowa ke fara tunani: ba nauyi, ga saurin gangarawa, ga sauƙin samu. Mu dai ba ma ba kowa shawarar ya sa shi a baya. Wayoyinsa sun taso ne daga cibiya ƙunƙuntacciya, kusurwar da suke tokare bakin wilin ta gefe ƙarama ce ƙwarai. Idan aka tura shi ta gefe, wayoyin ɓangare ɗaya sukan saki, na ɗaya ɓangaren su ja shi, nan take wilin ya murɗe ya zama kamar lamba takwas. Ba ya gargaɗi. Sannan tsayinsa ma na ƙara masa wahala, domin ƙarfin gefe yana aiki ne kamar mai danna doguwar sifana: kilo 60 a nisan santimita 33 daga cibiya ya fi kilo 60 a nisan santimita 20 murɗa da fiye da rabi. Matsala ta uku ita ce sandar tsakiyarsa, siririya ce mai kaurin milimita 9 ko 10, an kuma yi ta ne don a riƙe ta ta gefe biyu. A bayan keken iska galibi gefe ɗaya ake riƙe wili.

Wanda ya nace sai wili mai wayoyi, to ya sauko zuwa inci 20 irin na kekunan tsalle-tsalle da ake kira BMX, mai wayoyi 36 ko 48, bakin wili mai bango biyu, sandar tsakiya mai milimita 14. Ya ɗaure wayoyin tamau kuma daidai wa daida, ya yi masa firam da zai riƙe shi ciki da waje. Wannan zai yi wa ƙaramin keke na yaro ko mara nauyi a kan kwalta ko daɓe. A rairayi kuwa siririyar taya yanka ƙasa take yi kamar wuƙa ta nutse.

Wilin babur mai inci 17 ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma yana zuwa da boris na gaske har da birki. Illarsa nauyi. Guda uku za su iya kusan ninka nauyin ƙaramin keke, a iska mara ƙarfi sai ka ga yadi ya cika amma keken ya ƙi motsi. Shi ma yawancinsa gefe biyu ake riƙe shi, ramin borisinsa kuma milimita 12 ne ko 15. Wilin Vespa mai inci 10 ya fi dacewa da wannan aiki saboda tun asali gefe ɗaya ake ɗaure shi, sai dai dole a samo shi tare da cibiyarsa. Wilin mota a bar shi sai ga babban keke mai ɗaukar mutum biyu da yadi mai faɗin gaske.

Girman da masu wannan wasa suka fi yarda da shi ga ƙaramin keke shi ne wanda aka rubuta wa 4.00-8 ko 4.80/4.00-8. Lambar farko faɗin taya ce a inci, ta ƙarshe kuma tsayin wilin da take hawa, tsayinta duka wajen santimita 40. Girman tayar baro ke nan, shi ne kuma na ƙananan tireloli da na babur mai ƙafa uku na ɗaukar fasinja. Ƙungiyar wannan wasa ta duniya, FISLY, tana da rukunin ƙananan kekuna da ƙa'idarsa ta ce tayoyin uku su shiga cikin zagayen igiya mai tsawon mita 5.6 da aka shimfiɗa a ƙasa, kuma taya kada ta wuce wannan girma. Dalilin farin jininsa a fili yake: gajere ne, ƙarfin gefe ba ya samun doguwar hanyar murɗa shi, jikinsa faranti ne ba wayoyi ba, tayarsa tana da faɗin da za ta ɗan yi iyo a kan rairayi mai ɗan tauri.

To amma a nan ne mafi yawan kuskure yake, kuma a nan muke so mai karatu ya tsaya. Girman ne ya dace, ba kowane wilin baro ba. Ɗauki wilin baro na kasuwa ka sa yatsa a ramin tsakiyarsa. Wani za ka tarar da bushin roba kawai. Wani kuma boris ne na gwangwanin ƙarfe da aka matse, ka girgiza shi ka ji ƙwallayen ciki na ƙara kamar tsakuwa a gwangwani, ga ɗan giris da bai taka kara ya karya ba, ga baki a buɗe yana jiran ƙura. A juyi 800 a minti bushin roba yakan yi zafi ya narke ya kama sanda. Na gwangwanin kuma leɓensa yakan buɗe saboda turin gefe, ƙwallayen su zube, wilin ya fara rawa a kan sandarsa. Wannan yana iya faruwa a fita ta farko.

Abin da ake bukata shi ne boris irin na inji, guda biyu a kowane wili, mai murfin roba ta fuska biyu, wanda ake rubuta wa 2RS a bayan lambarsa. Mai murfin ƙarfe, wato ZZ, ya fi sakin jiki wajen juyi amma akwai 'yar tazara a bakin murfin da ƙura da ruwa ke shiga, ba ya daɗewa a rairayi. Lambobin da za a riƙe ba su da yawa. 6204 raminsa milimita 20, bayansa 47, kaurinsa 14. 6004 shi ma raminsa 20, bayansa 42, kaurinsa 12. 6205 raminsa 25, bayansa 52, na babban keke ne. Yanzu ga inda ake tuntuɓe: bututun tsakiyar wilin baro da yawa milimita 35 ne a ciki, abin da zai shiga nan kuwa 6202 ne mai rami 15 ko 6003 mai rami 17. Wato in kana son sanda mai milimita 20, ko dai ka nemi wilin da aka yi shi tun farko da mazaunin 42 ko 47, ko ka kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya yi maka sabuwar cibiya a ɗaure ta ga farantin wilin. Je wurin saye da ma'aunin kauri a aljihu, kada ka dogara da ido. Kuma tazarar da ke tsakanin borisin biyu tana da muhimmanci: cibiya mai tsawon santimita 7 zuwa 10 ta fi gajeriya jure murɗa, domin gwargwadon nisan da ke tsakaninsu gwargwadon sauƙin da kowannensu ke samu.

Me ya sa muka dage a kan milimita 20? Ƙarfin sandar ƙarfe wajen jure lanƙwasa ba ya tafiya daidai da kaurinta, yana tafiya ne da kaurin an ninka shi a kansa sau uku. Sanda mai 20 ta kusa ninka mai 16 ƙarfi, ta kuma fi mai 12 sau huɗu da rabi. Koma kan lissafinmu na kilo 60 a nisan santimita 20. Bol ɗin da za a yi sandar wili da shi, mai lamba 8.8 a kansa (lambar da ke nuna ƙarfinsa), in kaurinsa 12 ne, wannan nauyi kaɗai ya isa ya lanƙwasa shi ya ƙi komawa. In 20 ne, ko kashi ɗaya cikin huɗu na iyakarsa bai kai ba, sauran kuma shi ne ajiyarka ta ranar da ka faɗa rami. Bol ɗin da ba a rubuta komai a kansa ba, ko mai 4.6, ko doguwar sandar nan mai zare daga farko har ƙarshe, duk ba su da gurbi a nan.

Abu uku game da wannan shaf, wato bol ɗin da wili ke juyawa a kansa. Na farko, borisin biyu su zauna a kan sumul ɗin jikin bol, zare ya tsaya can waje inda noti yake. Gindin zaren bol mai 20 bai wuce milimita 17 ba, kuma kowane kwarin zare wuri ne da tsagewa ke farawa. Sayi bol mai tsawo ka yanke rarar zaren. Na biyu, kada a yi wa bol mai 8.8 walda kai tsaye a jikin firam. Ƙarfinsa daga gashin da aka yi masa a masana'anta ya samo shi, zafin walda kuwa yana ɓata wannan a daidai gindin shaf, inda lanƙwasa ta fi tsanani. A yi waldar wani kakkauran bututu a ƙarshen sandar baya, wato wadda ke ɗauke da tayoyin baya biyu, a zura bol ta cikinsa a ɗaure. Ta haka ko ya lanƙwashe a fili, sifana biyu sun isa a canza shi. Na uku, kada a haɗa awon inci da na milimita. Bol mai kashi uku cikin huɗu na inci milimita 19.05 ne, a cikin boris mai 20 zai bar kusan milimita guda na wasa, wannan kuwa a bakin taya rawa ce da ido ke gani.

Akwai wani ɗan guntun bututu da ake yawan mantawa, alhali rashinsa ya kashe boris fiye da ƙura. Tsakanin borisin biyu, a cikin cibiya, dole a sa bututun da zai tokare zoben ciki na wannan da na wancan. Tsawonsa ya yi daidai da tazarar mazaunansu, in ma za a yi kuskure a yi shi ta wajen ƙarin gashin kai, ba ragi ba. Idan babu shi, ɗaure noti yana matse zobban ciki zuwa juna, ƙwallaye su hau gefen hanyarsu, wili ya yi nauyin juyi ya yi zafi. Mai keken sai ya sassauta noti don wili ya saki, daga nan noti ya fara kwancewa da kansa. Da bututun a ciki kana iya ɗaure noti iya ƙarfinka wili yana juyawa sakayau. Notin ya zama mai zoben roba a ciki, ko mai tsaga a ka da ake soka wa fil a tanƙwara. A sa ƙaramin washa da zai taɓa zoben ciki kawai. Babban washa yakan goga murfin roba ya yage shi.

Wilin kansa ko na ƙarfe ko na roba mai tauri. Na ƙarfe yana lanƙwasa kafin ya karye, ana kuma iya yi masa walda, amma yana tsatsa a wurin gishiri, kuma na arha farantinsa siriri ne, yakan tsage a zagayen waldar cibiya. Duba wannan wuri da kyau, in ɗigo-ɗigon walda aka yi a zagaye shi duka. Na roba ba nauyi ba tsatsa, sai dai rana tana cinye shi a hankali, kuma idan ya gaji fashewa yake yi gaba ɗaya. Iyakar iskar da aka rubuta a jikin wilin roba sau da yawa ba ta kai wadda aka rubuta a jikin taya ba, ƙaramar lambar ita za a bi. In wilin mai ɓari biyu ne da aka haɗa da bol, kada a taɓa kwance bol ko ɗaya sai an sace iskar tub ƙarƙaf. Mutane sun ji mummunan rauni a fuska ta wannan hanya.

Tayar kuma a duba gefenta, inda aka rubuta lambar PR mai nuna ƙarfin bangonta. 2PR ta baro ce zalla, bangonta laushi gare shi, a kwana takan naɗe a ƙarƙashin wili. 4PR ita ce tsaka-tsaki da ta fi dacewa. 6PR ta fi jure ƙaya da duwatsu amma ta fi nauyi da tauri. Tayar tirela ko ta babur mai ƙafa uku an yi ta don gudun titi, saboda haka ga wanda zai yi gudu a kan kwalta ta fi ta baro aminci, ko da ta fi ta nauyi. Zanen da ya fi shi ne mai layuka a miƙe da suka zagaye tayar, domin yana gangarawa ba tirjiya kuma yana riƙe gefe. Mai ƙuraje irin na babur ɗin daji an yi shi ne don tayar da inji ke juyawa ta ciji ƙasa. A nan ba abin da ke juya taya, ƙurajen sai cin gudu da kwarara. Tayar da ba a hura mata iska, wadda aka cika da soso don gudun faci, ita ma a bar ta: tana zafi a guje, ba ta shanye gargada, kuma turin gefe yana iya fizge ta daga kan wili.

Ƙasar da za a yi tafiya a kanta ita ke yanke sauran hukunci, kuma abin da za a riƙa wasa da shi iskar taya ce. Faɗin wurin da taya ta taɓa ƙasa kusan nauyin da ke kanta ne a raba da ƙarfin iskar cikinta. Kilo 50 a kan psi 30 (psi shi ne ma'aunin iskar taya) yana zaune ne a kan abin da bai wuce murabba'in santimita 24 ba, kamar ɗan akwatin ashana da rabi. A sauke zuwa psi 10, wurin ya koma wajen 70, kusan tafin hannu ban da yatsu. A kan kwalta, daɓe ko busasshen tafki ana son iska da yawa, psi 25 zuwa 30 in taya da wili sun yarda, don tayar ta daina lanƙwasa tana cin ƙarfi. A jiƙaƙƙen rairayin bakin teku a sauko wajen 15 zuwa 20. A rairayi mai laushi sai an sauko ƙasa da haka, a nan kuma 4.00-8 ta fara gazawa, sai a koma 16x6.50-8 ko 18x8.50-8, inda lambar farko tsayi ce, ta biyu faɗi, ta uku wili. In iska ta yi ƙasa sosai taya takan zame a kan wili ta ja tub, bawul ya karkace ya yage daga gindi. Bawul ɗin da ka ga ya fara kallon gefe gargaɗi ne, a sace iska a gyara masa zama. A kuma tuna zafi yana ƙara iskar taya, wajen psi ɗaya a kowane digiri 5 ko 6 na ma'aunin Celsius, don haka wanda ya hura har iyaka da sanyin safiya ya wuce iyaka da rana tsaka.

Ko an sayi wili mafi kyau, in an ɗaura shi a karkace aikin banza ne. Tayoyin baya biyu dole su kalli gaba sak, a jere da juna. Kuskuren digiri ɗaya tak yana nufin ana jan tayar ta gefe mita 17 a kowace kilomita, birki ke nan da ba a taka ba kuma ba a iya saki. Awonsa ba wuya: matuƙi ya zauna a kujera, a sa alama da alli a tsakiyar kowace taya a tsayin shaf ta gaba, a auna tsakaninsu, a tura keken har alamun su koma baya a tsayi ɗaya, a sake aunawa. Bambancin kada ya wuce milimita 2 ko 3. Mun ce matuƙi ya zauna ne domin sandar baya tana lanƙwasa da nauyi, awon keke ba kowa a kai ƙarya yake yi. In bayan 'yan fita ka shafa tayar ka ji layukanta sun yi kaifi ta gefe ɗaya kamar haƙoran zarto, jerin ya ɓaci.

Za ka ga kekunan tsere kawunan tayoyinsu na baya sun kwanto ciki. Dalili shi ne nauyi na danna ƙasa, iska na tura gefe, idan aka haɗa su biyun ƙarfin a karkace yake sauka, sai a karkata wilin ya tare shi a miƙe. Ga dogon wili mai wayoyi wannan dole ne, digiri 10 ko fiye. Ga gajeren wili mai 4.00-8 digiri 2 zuwa 5 sun wadatar, in ya yi yawa gefen ciki kawai zai riƙa cinyewa. A kula da abu ɗaya: da zarar shaf ya karkata, ko yaya sandar baya ta juya a mazauninta, karkatar takan koma ta ɓata jerin tayoyin. A huda a soka bol da zai hana ta juyawa.

Tayar gaba ba ta shan wahalar na baya, ana kuma iya riƙe ta da fok ta gefe biyu, don haka wilin BMX yana yi a ƙasa mai tauri. Duk da haka mun fi son ukun su zama iri ɗaya, tub ɗaya da boris ɗaya na ajiya su wadatar da kowa. Abin lura a gaba shi ne layin da sitiyari ke juyawa a kansa. A kwantar da shi sosai, kamar digiri 30 zuwa 40 daga ƙasa, don taya ta riƙa kwantowa cikin kwana. Zura sanda ta bututun sitiyarin har ta taɓa ƙasa: ta sauka a tsakiyar inda taya ta taka, ko santimita ɗaya zuwa biyu a gabansa. In ta sauka a baya, sitiyari zai riƙa fizgewa da kansa. In ta yi gaba da yawa, zai yi nauyi a ƙafar da ake tuƙi da ita kuma turin gefe zai riƙa juya shi.

Kafin a ɗaura yadi a gwada wilin uku a ɗage. Juya kowanne ka riƙe alli kusa da gefensa, in rawarsa ta wuce milimita 2 ko 3 a duba ko taya ce ba ta zauna daidai ba. Sace iska, shafa ruwan sabulu a bakinta, sake hurawa a hankali. Bar shi ya tsaya da kansa sau uku. In kullum wuri ɗaya ke komawa ƙasa, can ne nauyi ya fi, a manna ɗan gubar daidaita taya a ɗaya ɓangaren har ya daina zaɓen wurin tsayawa. Tayoyin baro sun yi ƙaurin suna a nan, kuma abin da ba a ji a tafiyar ƙafa yana girgiza keke duka a kilomita 40. Fita ta farko a yi ta a iska mai sauƙi, da hular kwano a ka, a fili da ba mutane ba ababen hawa. Bayan minti goma a tsaya a ɗora hannu a kan kowace cibiya. Ɗumi ba laifi, amma wadda hannu ya kasa zama a kanta tana da boris da aka matse ko shaf da ya lanƙwashe. A kama kan kowace taya a girgiza ciki da waje, a sake bin noti da sifana. Wanda ya yi tafiya a bakin teku ya wanke wilin da ruwan daɗi a ranar, yana zubawa a hankali ba da matsin famfo ba, domin matsi yana tura gishiri da yashi ta bakin murfin boris zuwa ciki.

Mun gode, Malam Edita, da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Wasu masu ƙirar keken iska